Ranar da sabuwar motata ta sare a gefen tirela

Ko ledar kujerun baya ban gama cirewa ba. Wata uku da 'yan kwanaki ke nan da muka karɓo motar, sabuwa dal, da rancen ƙungiyar ajiya ta ma'aikatan asibitinmu, ana yanka a albashi duk wata. Shekara bakwai ina hawan adaidaita sahu zuwa aikin dare, don haka ranar da aka kawo ta har sadakar ƙosai na yi. Maƙwabta suka shigo ganin mota, aka yi ta "Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya."

Wata Alhamis da safe na fito daga aikin dare, idona kamar an zuba yashi. Na tayar da mota, fitilun gaban direba suka kawo gaba ɗaya suka ɗauke kamar kullum, ban da guda ɗaya, 'yar ƙarama ruwan goro mai siffar inji. A danja kuma na ji motar tana ɗan kakkarwa kaɗan. Na ɗauki hoton fitilar na tura wa Abban yara ta WhatsApp, lokacin yana Abuja wajen wani kwas.

"Sabuwa ce fa," in ji shi. "Ƙila kwamfutarta ce ke shirme. Ki bari in dawo."

Gaskiya ni ma abin da nake so in ji ke nan. Ga gajiya, ga bikin ƙanwarsa a Daura ranar Asabar. Akwai kuma wata 'yar kunya da ban gaya wa kowa ba: ba na so a ga motar da aka yi wa sadaka jiya-jiya a gareji, a ce Sista ta sayi ruɓaɓɓiya.

Ranar Asabar muka kama hanya da hantsi. Yarana uku suna baya tare da ƙanwata, autan yana kan cinyarta. Bayan mun wuce Ɗambatta, kafin Kazaure, muka tarar da wata tirela maƙare da buhuna tana jan jiki. Na bi ta a baya na ɗan lokaci, na leƙa na ga hanya fayau, na sa sigina na fita.

Na kai daidai tsakiyar tirelar sai totur ya mutu a ƙafata. Ina takawa, motar tana nishi, amma ba ta ƙara gudu. Sitiyari ya ɗauki rawa. Fitilar nan ruwan goro ta koma ƙiftawa, wata kuma ta kunnu kusa da ita, mai hoton mota da layuka biyu a karkace a ƙarƙashinta. Can gaba sai ga motar haya ta ɓullo daga kwana tana watso mini fitila.

Ƙanwata ta ɗauki salati. Babbar 'yata ta ce, "Umma, mene ne?" Ban amsa ba. Abin da na iya tunawa kawai shi ne ba zan kai gaban tirelar nan ba. Na taka birki, na bar ta ta wuce, na koma bayanta. Motar hayar ta gifta da hon ɗinta, iskarta har sai da ta girgiza mu. Na kunna fitilun nan huɗu masu walƙiya, na lallaɓa na sauka daga kan kwalta, na kashe inji. Sai a lokacin na lura ƙafata ta dama tana karkarwa ita kaɗai.

Na fito da yaran ta ƙofar da ba ta kallon titi, muka koma ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya nesa da hanya, na ajiye alwatikar nan ja a bayan mota. Wani bawan Allah mai babur ya je ya ɗauko mana bakanike. Mutumin kirki ne, ya buɗe bonet ya duba baƙin mai da ruwan lagireto, ya ce duk lafiya. Sannan ya ce, "Hajiya, ai waɗannan na zamani haka suke. A cire kan batir minti biyar a mayar, fitilar za ta ɗauke, ku ƙarasa bikinku."

Saura kaɗan in ce to. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɗakin yara da nake aiki. Akwai na'urar da muke maƙala wa yaro a yatsa, tana auna iskar da ke cikin jininsa. In iskar ta yi ƙasa sai ta yi ta ƙara. Sau nawa na tarar da uwa ta danne maɓallin ta yi shiru don yaro ya samu barci? Kullum abin da nake faɗa shi ne, "Mama, kin kashe ƙarar ne kawai, ciwon yana nan." Ga shi ana ba ni shawarar in yi wa motata daidai wannan.

Na yi masa godiya, na ba shi na mai. Na ciro littafin motar daga aljihun gaba, karon farko da na buɗe shi tun da aka kawo ta, na kira lambar garejin dillalin. Tambayar farko da injiniyan ya yi mini ita ce, "Hajiya, fitilar a tsaye take ko ƙiftawa take yi?" Da na ce ƙiftawa, ya ce, "Kar ki sake tuƙa ta. Kuma kar ki bari a cire batir, don abin da kwamfutar ta rubuta zai iya gogewa." Aka turo motar ja ta mayar da ita Kano. Mu kuma ƙanen maigida ya zo ya kwashe mu. A wajen biki har an fara cewa bakin mutane ne ya kama motar.

Ranar Litinin na je garejin da kaina. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata 'yar kafa da ake jona kwamfutar gwaji, suna ce mata OBD. A Amurka tun 1996 doka ta wajabta ta a kan motoci, yanzu kuwa da wuya ki ga motar zamani da ba ta da ita. Da aka jona sai ga lamba ta fito: P0302. Injiniyan ya ce ma'anarta silinda ta biyu ba ta ƙona mai yadda ya kamata.

Ya kwance murfin robar da ke saman inji, sai ya yi dariya ya kira ni. Ɓawon gyaɗa, guntayen ledar biskit, da kashin ɓera. Ɓera ne ya yi sheƙa a wurin saboda ɗumi, ya gwaigwaye wayar da ke kai wuta ga kwayil, wato abin da ke ba filogi tartsatsi. Ranar Alhamis wayar tana haɗuwa tana rabuwa, shi ya sa fitilar ta tsaya cak. Ranar Asabar da na matsa wa inji sai ta rabu gaba ɗaya.

Injin motata silinda huɗu ne. Da ɗaya ta daina aiki, kwamfutar ta yanke mata mai, aka bar uku suna ɗaukar nauyin mutum biyar da kayan biki. Ya ƙara da cewa motoci da yawa in sun hango matsala babba da kansu suke rage ƙarfin inji, su bar miki iya abin da zai kai ki gefen hanya. Fitila ta biyu da na gani kuwa ta na'urar hana santsi ce, a wasu motocin tana biyo ta inji ne kawai. Da na ci gaba da tafiya, ɗanyen man da ke sauka salansa zai iya ƙona tukunyar tace hayaƙi da ke cikinsa, ita kuwa kuɗinta ya ninka na gyaran waya nesa ba kusa ba. Garanti bai shafi ɓarnar ɓera ba, daga aljihuna na biya. Ban yi musu ba, don na san wanda ke barin yara su ci gyaɗa a mota, kuma na san wanda ke ajiye ta kusa da buhunan masara.

Kafin in tafi na sa ya bi da ni fitilun ɗaya bayan ɗaya. Abin ya zo mini da sauƙi, don kusan irin igiyar awon damtse ce da muke gwada yara da ita a asibiti: kore lafiya, ruwan ɗorawa a kula, ja a gaggauta. Kore ko shuɗi a mota sanarwa ce kawai, kamar sigina ko babbar fitila. Ruwan goro na nufin akwai matsala, a kai ta a duba cikin kwana ɗaya ko biyu, kar a yi doguwar tafiya. In ta inji ta koma ƙiftawa, a nemi wurin tsayawa. Ja kuwa ba a jayayya da ita.

Cikin jajayen, uku ya ce in haddace. Mai siffar buta da ɗigo a bakinta tana nufin baƙin mai ba ya zagayawa, a tsaya a kashe inji nan take, don 'yan mintuna sun isa ya lalace. Mai kama da ma'aunin zafi a cikin ruwa tana nufin inji ya yi zafi, a tsaya, kuma kar a kuskura a buɗe murfin lagireto sai ya huce. Na sha wanke ƙunar da wannan ya jawo. Mai hoton batir kuma tana nufin ba a caja shi, motar tana cin abin da ya rage ne, za ta iya mutuwa a ko'ina.

Na tambaye shi abin da ya fi tsaya mini a rai: da injin ya mutu gaba ɗaya a gefen tirelar fa? Ya ce birki da sitiyari suna nan, sai dai za su yi tauri, dole a sa ƙarfi. A danne birki a riƙe, kar a yi ta famfa shi, don ɗan taimakon da ya rage taka ɗaya ne ko biyu. Kar kuma a murɗa makulli a kashe mota tana tafiya, sitiyari na iya kullewa. Daga nan na sa lambar jami'an kiyaye haɗura ta ƙasa, 122, a wayata da ta ƙanwata.

Abin da ya hana ni barci a makon nan shi ne kwana biyun da ke tsakanin Alhamis da Asabar. Ni ce mai yi wa iyaye faɗa in sun kawo yaro bayan kwana huɗu yana zazzaɓi ana ta ɗirka masa farasitamol. Nakan ce, "Me kuke jira?" Yanzu na san me ake jira. Ana jira maigida ya dawo, ana jira a gama biki, ana jira albashi, ana cewa ai jiya lafiyarsa ƙalau. Duk na faɗa wa kaina waɗannan, kuma na ɗebi 'ya'yana uku na hau babbar hanya da su. Tun daga ranar na rage kaifin harshena a wurin aiki. Ina dai faɗa wa uwa gaskiya, amma da muryar wadda ita ma ta taɓa yi.

Yanzu in na tayar da mota ina jira fitilun su ɗauke duka kafin in sa giya. Babbar 'yata ta mayar da abin aikinta, ita ke cewa, "Umma, sun tafi." An daina cin komai a ciki, an kwashe masarar daga inda nake ajiye ta, duk Asabar kuma ina buɗe bonet in leƙa.

'Yar uwa, ko ke ke tuƙi ko maigida, yau in an tayar da motar gidanku ki kalli gaban direba na ɗan lokaci. In akwai fitilar da ta ƙi ɗaukewa, ki tambaya tun yaushe take haka, kafin a zuba yara a baya. Wadda kuma irin wannan ta taɓa faruwa da ita, ta ba mu labari a ƙasa mu ƙaru. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai mu gida lafiya da iyalanmu.