Wa Za a Tsayar a Tsakiya?

Ɗalibin da ya tattaro kalmomi daga Maraɗi, Damagaram da Tawa, ya zuba su cikin manhajar R domin jera su sauti da sauti, tilas ya fara amsa tambaya guda: wane karin harshe zai kafa a tsakiya, ya auna sauran da shi?

Dabarar kanta ba ta da sarƙaƙiya. Akan zaɓi jeri guda ya zama ma'auni, a daidaita kowane jeri da shi, ɗaya bayan ɗaya, da irin lissafin da Needleman da Wunsch suka fitar a 1970 domin kwatanta jerin sinadaran furotin. Daga nan sai a haɗa sakamakon wuri guda, kuma duk giɓin da aka buɗe a jikin ma'aunin ya hau kan kowa. A cikin R, umarnin adist yakan ƙirga tazarar Levenshtein, wato adadin musanya, ƙari ko shafewa da ke raba kalmomi biyu.

Wata ɗaliba ƴar Adar ta kafa Kananci a tsakiya, kasancewar a kansa aka gina daidaitacciyar Hausa. Nan take kwamfuta ta lissafa zamna a matsayin kaucewa daga zauna, sabka kuma daga sauka. Maganar kakarta ta fito cike da alamun gyara, tamkar takardar jarrabawa. Alhali kuwa dokar Klingenheben ta nuna cewa Kananci ne ya sauya, domin shi ya mayar da baƙaƙen leɓe na ƙarshen gaɓa zuwa u, yamma kuwa ta riƙe tsohuwar siga. Har wa yau, manhajar ta ƙirga tazara biyu tsakanin fari da hwari, saboda haruffa take gani, ba ta san hw sauti guda ba ne.

Ɗalibar ta rarraba kalmomin bisa sautuka kafin lissafi. Sannan ta bi shawarar da Gusfield ya bayar a 1993, cewa a ɗauki jerin da jimillar tazararsa da sauran ta fi ƙanƙanta, ta sake zaɓen ma'auni ga kowace kalma.

Wannan ma ba ya nuna asali, kusanci kawai yake nunawa. Saboda haka wajibi ne mai bincike ya bayyana a kundinsa wane kari ya tsayar a tsakiya da dalilinsa, domin mai karatu yakan ɗauki na tsakiyar a matsayin uwa, sauran kuma rassa.