Tuboro, Inda Ake Sauraron Kukan Giya

A wannan wata za mu leƙa Tuboro, garin da yawancin Hausawan Duwala da Yawunde suke jin sunansa a bakin direbobi da fataken shanu, amma ƙalilan ne suka taɓa taka ƙasarsa.

Tuboro yana cikin yankin Mayo-Rey na Lardin Arewa, wanda Garwa ce babban birninsa, a ƙasar Lamiɗon Rai Buba, kusa da kogin Bina. Iyakar Cadi tana nan kusa, haka ma ta Afirka ta Tsakiya. Asalin mutanen wurin Mbum ne, sa'an nan ga Fulani, ga Hausawa 'yan kasuwa da mahauta, ga kuma Tupuri da Mafa waɗanda suka gangaro daga can ƙuryar arewa neman ƙasar noma. Abin da ya tara su shi ne auduga. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, yana da ma'aikatar gurzar auduga a garin, kuma da zarar rani ya kama sai ka ga motoci suna shiga ƙauyuka suna fitowa da kaya fari fat. Ba nisa da nan kasuwar Mbaibum take, wadda a shekarun 1990 ta yi suna har Bangi, inda 'yan kasuwar Nijeriya suke kawo kaya, mutanen ƙasashe uku suna ciniki.

Hanya biyu ce ke kai mutum Tuboro. Wanda ya taso daga Garwa yana iya ratsewa a Gijiba, ya bi ta Colire, ya sha gargada da ƙura in rani ne, ko taɓo da rafuka in damina ce. Ɗayar kuwa ita ce kwaltar da ta taso daga Ngaundare ta bi ta Tuboro ta wuce Mundu a Cadi, mai tsawon kusan kilomita 400, wadda aka gina a shekarun 2000 da tallafin Tarayyar Turai. Kwaltar ta sauƙaƙa tafiya ƙwarai, amma fa ba ta shiga gona ba. Hanyoyin da ake kwaso auduga da masara da gyaɗa har yanzu burji ne da yashi, kuma motocin da ke bin su tsofaffi ne: Hilux, Land Cruiser, da 'yan tsirarun Fijo 504 da suka rage, irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna kafin a daina yin su a 2006.

To, irin wannan hanya ba abin da take ci kamar akwatin giya, wanda makanikan nan suke kira bwat, 'yan'uwanmu na Nijeriya kuma su ce giyabos. Mota ta yi lodi fiye da kima, ta wuni a lamba ɗaya da lamba biyu, ta tsallake rafi ruwa ya shiga cikin mai, ƙura ta cinye robar da ke tare man har ya riƙa ɗiga ba a sani ba. Daga nan sai kuka ya fara. A birni, direba yakan ƙara muryar rediyo ya ci gaba da harkarsa, don ya san ko ta tsaya akwai mai ja. A nan ba haka ba ne. Daga gari zuwa gari tafiya ce mai nisa, dajin kuma yana da tarihi: zargina sun addabi matafiya a shekarun 1990 da 2000, daga baya kuma masu satar mutane don kuɗin fansa suka shigo yankin. Ba direban da yake so magariba ta same shi a ƙarƙashin mota a tsakiyar dawa da fasinja goma sha biyar.

Shi ya sa na ce Tuboro gari ne da ake sauraro. Motar da ta kai ni can, wata tsohuwar Hilux, tun daga hanya take wani irin gurnani, da muka isa direban bai ko sha ruwa ba sai da ya kai ta garaji. Garajin kuwa inuwar bishiya ce, da rami, da sarƙar ɗaga inji a rataye a jikin reshe. Maigidan wurin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Bai taɓa sifana ba. Sai ya sa direba ya tada mota, ya bar ta a firi, shi kuma ya tsuguna ya kasa kunne. Ya ce, "Ɗana, taka kuloci." Aka taka, kuka ya ɗauke. Ya ce a sake, kuka ya dawo. Sa'an nan ya shiga gaba suka zaga gari, yana sa direban yana canja lamba ɗaya bayan ɗaya.

Abin da dattijon yake nema ilmi ne da ya kamata duk mai tsohuwar mota ya riƙe. In mota tana firi tana kuka, ka taka kuloci kukan ya tafi, to boris ɗin sandar da ke karɓar ƙarfi daga inji ne ya gaji, ko na sandar da ke ƙarƙashinta. In kuwa sai ka taka kuloci ne kukan yake tashi, to laifin ba na cikin akwati ba ne, boris ɗin kuloci ne, kuma gyaransa ya fi araha. In tana kuka a kowace lamba amma ta yi shiru a lamba huɗu, wannan ma boris ne, domin a irin waɗannan motoci masu ja da ƙafar baya, a lamba huɗu ƙarfi yana wucewa kai tsaye ba ya bi ta haƙoran ƙasa. In lamba ɗaya tak take kuka, haƙoran wannan lambar ne suka cinye. In giya tana ƙarar niƙa lokacin shiga, zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙora ne ya suɗe, ko kuma kuloci ba ya saki sosai. In kuma kukan yana canjawa da taka totur da sakinsa, kuma ba ruwansa da lambar da aka sa, to a duba aksil na baya kafin a sauke akwatin da bai yi laifi ba.

Bayan kunne sai ido. Aka kwance notin ƙasa, aka tari man a cikin roba, Baba ya fita da shi rana. Mai da ya yi fari kamar kunu, ruwa ne ya shiga. Mai walƙiyar ruwan zinariya, zoben tagulla ne yake narkewa a hankali. Burbushin ƙarfe mai laushi a jikin noti ba abin tsoro ba ne a tsohuwar mota, amma in an ga gutsattsari kamar tsakin masara, to haƙori ya karye. A tamu motar man ya ragu ƙwarai, ya yi baƙi, amma ba gutsure ko ɗaya.

A nan ne ake zuwa ga babbar tambaya: a gyara ko a canja? Mai mota yakan so a canja, domin sauke wani a ɗora wani aikin yini ɗaya ne, lokacin auduga kuwa kowace rana kuɗi ce. Amma akwatin da za a ɗora ba sabo ba ne. Okaziyo ne, an ciro shi daga motar da ta gama aikinta a Turai ko Japan, ya sauka a Duwala, ya kwana a shagunan Kam Yabasi, ya hau mota ko jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, ko kuma ya ɓullo ta Nijeriya ta hanyar Yola da Garwa. Ba wanda ya ji kukansa kafin ya saya. Wani ya dace, wani kuma ya sayi ciwon wani a kan nasa, ga kuɗin mota, ga jira. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kayan gyara na kanti suka fi ƙarfin talaka, mutanen arewa suka ƙware wajen raya tsoho.

Hukuncin makanikan Tuboro a kan wannan a fili yake. In boris ne ko zoben tagulla, kuma haƙora da sanduna lafiyarsu ƙalau, a buɗe a gyara, domin ka san abin da ka sa da hannunka. Sharaɗi dai a canja boris ɗin gaba ɗaya, ba guda ba, a sa sababbin robobin tare mai, kuma a guji jabu, don boris na banza ba ya kai damina biyu. In haƙora sun karye, ko jikin akwatin ya tsage, ko sanda ta cinye, to gyara ya zama zuba ruwa a kwando, sai a nemo wani. Mai saye ya tabbatar lamba da samfurin sun yi daidai da motarsa, ya juya sanda da hannu a kowace lamba ya ji ko tana sarƙewa, ya duba man da ya rage a ciki, kuma su yi magana da mai kaya a gaban shaida cewa in ya yi kuka za a mayar. Ko wanne aka zaɓa, tunda an riga an sauke, a duba farantin kuloci da boris ɗinsa, kada a biya kuɗin aiki sau biyu.

Tamu gyara aka yi. Kwana uku aka jira boris ya zo daga Ngaundare a hannun wani direban haya, yaran garaji suka wanke kowane haƙori, suka jera su a kan buhu bi da bi yadda aka ciro su, kada a juya ko da wasali ɗaya. Wannan jira shi ya ba ni damar zaga garin, na ga layin motocin auduga, na ci gasasshen nama a tasha inda ake jin Fulatanci da Faransanci da Hausa da Larabcin Cadi a kan tebur guda.

Saboda haka, 'yan'uwa masu tsofaffin motoci, musamman masu niyyar zuwa Mayo-Rey fatauci ko ziyara, ku duba man giya kafin ku bar gida, ku zuba irin wanda masu motar suka rubuta, ku sake dubawa duk lokacin da kuka ratsa ruwa mai zurfi. In kun ji sabon kuka, ku kashe rediyo ku saurara, ku tsaya a garin da ke da makaniki tun rana tana sama. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu wata mai zuwa lafiya, amin.