Mun Je Wusasa Gaisuwar Malam

Wanda ya taso daga Kaduna zai nufi Zariya, tafiyar mil hamsin ce ko kusa da haka. Zai wuce Rigachikun, da Maraban Jos, da Birnin Yero, da Jaji. Kafin ya shiga Zariya sosai sai ya hango duwatsu a tsaye a tsakiyar fili, babbansu shi ne Kufena. Nan kusa Wusasa take. Mu takwas muka tafi cikin mota ɗaya da sanyin hunturu, dukanmu mun zauna a aji ɗaya a gaban malami guda, kuma rasuwarsa ce ta tara mu.

Wusasa ba babban gari ba ne, amma tarihinsa ya fi girmansa. A shekara ta 1900 Likita Walter Miller ya zo ƙasar Hausa tare da 'yan mishan na CMS. Suka kai har Kano, sarki bai yarda su zauna ba, suka komo Girku. A 1905 Likita Mila, yadda mutane suka saba kiransa, ya sami wuri a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. A 1929 aka ƙaurar da mishan zuwa Wusasa, bayan ganuwa. Cikin iyalan da suka kafa wurin akwai zuriyar Isawa, mutanen da suka taɓa zama a ƙauyen Gimi har ciwon barci ya watsa su. Shekara uku bayan ƙaurar, a 1932, aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, Likita Mila kuwa yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin.

Muka fara tsayawa a tsohuwar majami'ar St. Bartholomew. Ya kamata kowane mai karatunmu da ya bi hanyar Zariya ya ratse ya gan ta. Da ƙasa aka gina ta, ginin Hausawa sosai, bango mai kauri, rufin azara, ga bakan gizo ya tashi daga ƙasa ya haɗu a bisa kamar soron sarki. Ko da rana tsaka in ka shiga sai ka ji sanyi. A ganinmu magina na dā sun san ƙasar nan fiye da masu zuba mana bulo da kwano yau, har mutum ya yi sujada yana fifita da takardar waƙa. Yara da yawa da suka zauna a dandamalin nan sun zama manya. Likita R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, a makarantar mishan ɗin nan ya fara. Haka kuma Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a nan ya tashi, mahaifinsa mai bishara ne. Malam John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, shi ma na wannan jama'a ne.

Malaminmu ba ya cikin waɗannan manya. Ba a taɓa buga sunansa a jarida ba, iyalinsa kuma sun roƙa kada mu buga shi yanzu. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, kusan dukansu a aji ɗaya. Sau biyu aka nemi a ba shi hedimasta ya ƙi, ya ce wanda ya ɗora tubalin farko a karkace, ginin duka a karkace zai tashi, shi kuwa ya fi son ya tsaya wurin tubalin farko. Ya fara aiki lokacin da makarantu suke hannun mishan, ya ga gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970, ya ga shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika aji har yara suna zaune a bakin ƙofa. Mu muna cikin na ƙarshe da ya koyar kafin ya yi ritaya.

Da tsakuwa da ƙwallon goriba ya koya mana lissafi. Yana da bulala a kan tebur, amma a cikin motar muka yi ta tambayar juna, ba wanda ya tuna ranar da ya ɗaga ta. In yaro ya kasa rubuta ƙ ko ɗ, sai ya durƙusa kusa da shi, ya kama hannunsa, su zana lanƙwasar tare a ƙasa. Ba ya yarda a rubuta ƙofa ba ƙugiya. 'Ya'yan Kirista da 'ya'yan Musulmi a benci ɗaya muke, kuma ya san gidan kowa. Yaron da ya yi kwana biyu bai zo ba, da la'asar za a ji ƙararrawar kekensa a ƙofar gidansu. Biyu daga cikin mu takwas ɗin Musulmi ne, ɗayansu shi ya biya kuɗin mai.

Abin da ba mu sani ba sai da muka zauna da Mama, matarsa, shi ne yadda ya ƙare kwanakinsa. Shekara goma da suka wuce ɗansu na fari ya rasu a hatsarin mota, ya bar yara huɗu, uwarsu kuma ba ta da lafiya. Malam ya haura saba'in da biyar a lokacin. Ya je da kansa ya kwaso su. Kuɗin fansho wata ya zo, wata uku shiru, sai ya koma gona da fartanya, ya shuka masara da gyaɗa. Shi yake yi wa ƙaramar wanka da safe, ya ɗaura mata ɗankwali a karkace, Mama ta bi ta gyara. Da magariba sai ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, jikoki su karanta masa Hausa da ƙarfi, yaran maƙwabta kuma su zo su tsugunna, har ya zama aji sosai ba da kuɗi ba.

Muka tambayi keken. Mama ta yi shiru kaɗan, ta ce ya sayar da shi shekarar da babbar jikarsu za ta rubuta jarrabawar gama sakandare. Keken ya fi shekara arba'in a hannunsa. Yarinyar tana koyon aikin jinya yanzu. Ita ta kawo mana ruwa, ta durƙusa ta ce, "Sannunku da zuwa, Baba." Sa'an nan ta shiga ta ɗauko wani tsohon littafin rubutu mai bangon shuɗi. A ciki Kaka ya rubuta sunan kowane yaro da ya koyar, shekara bi da bi. Muka duba muka sami namu. A gefen sunan ɗayanmu ya rubuta cewa yana cin alli, mutumin kuwa yau babba ne a wurin aikinsa. Muka yi dariya har Mama ma ta yi.

Daga nan aka raka mu makabarta. Kabarin ba shi da dutse tukuna, sai itace da aka kafa. Muka yi addu'a, kowa bisa ga hanyarsa.

Sauran yara uku suna makaranta, ƙaramar tana da shekara goma sha biyu, fansho kuwa ya tsaya da mai shi. Kafin mu tashi muka yi shawara a gindin mangwaron. Mun ɗauki kuɗin makarantar su ukun na wannan shekara, muka raba tsakaninmu. Amma sunayen da suke cikin littafin shuɗin nan sun fi dubu, mu kuwa takwas ne kawai. Mun san waɗansunsu suna karanta wannan mujalla, kuma daga labarin keke da goriba za su gane ko wane ne. Za mu sake taruwa a gidan a makon Ista, bayan sujadar safe. Mama ta ce a zo da tabarma, gama kujerun gidan huɗu ne.