Wanda Ya Riƙe Wa Wasu Ƙofa

Wasan besbol na Amurkawa ne, kuma da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin an buga shi ba. Ɗaya yakan jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, ɗaya ya maka mata kulki, ya ruga ya taɓa zango uku ya dawo gida kafin a riga shi da ƙwallon. Wani dattijon malaminmu a makarantar tauhidi ne ya fara ba mu labarin wani ɗan wasan nan mai suna Buck O'Neil, kuma tun da na haura shekara hamsin sai na ga labarin yana yawan dawo mini.

An haifi O'Neil a 1911 a jihar Fulorida, ya girma a garin Sarasota, inda makarantar sakandare ba ta karɓar baƙaƙen fata. Ya yi ƙwadago a gonakin kayan lambu, daga baya ya sami karatu a Edward Waters, makarantar ikkilisiyar Metodis ta baƙaƙen fata a Jacksonville. A lokacin an rufe musu manyan ƙungiyoyin besbol, don haka suka kafa gasarsu ta kansu. A 1938 ya shiga ƙungiyar Monarchs ta Kansas City, yana tsaron zangon farko, kuma da shi aka ci kofi a 1942.

A 1947 Jackie Robinson ya shiga ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn, katangar ta tsage. O'Neil yana da shekara 35, kuma a wannan wasa mai irin waɗannan shekaru ya kusa ajiye kulki. Ƙofar da ya daɗe yana jira ta buɗe, amma ba dominsa ba.

A nan ne nakan tsaya, 'yan'uwa. Na san wannan zafi, ko da yake ban taɓa riƙe kulkin besbol ba. Akwai yaran da na koya wa ajin baftisma waɗanda yau su ke shugabantar taron da nake zama a cikinsa, an ba su guraben karatun da a zamaninmu ba mu ma ji labarinsu ba. Nakan yi musu murna da gaske, amma akwai wani lungu a zuciya da yakan yi tambaya a hankali: to, ni fa? Na ga dattawan ikkilisiya waɗanda wannan tambaya ta cinye su, har suka zama masu tare hanya, yaro ya zo neman shawara su ba shi rabi su ɓoye rabi.

O'Neil ya zama mai horar da Monarchs a 1948, ya shiga shirya matasa domin wurin da shi ba zai taka ba. A hannunsa Elston Howard ya goge, wanda ya zama baƙar fata na farko a ƙungiyar Yankees a 1955. A hannunsa kuma Ernie Banks ya fito ya tafi ƙungiyar Cubs ta Shikago a 1953. Daga baya Cubs ɗin suka ɗauki O'Neil aikin neman yara masu baiwa, ya bi garuruwan kudu da mota, shi ne ya kawo musu Lou Brock. A 1962 ya zama koci baƙar fata na farko a manyan ƙungiyoyin. Duk da haka, a lokacin da kociyoyin Cubs suke karɓa-karɓar shugabanci, shi ba a taɓa miƙa masa ragamar ba.

Yakan tuna mini da Barnaba. Shi ne ya kama hannun Shawulu ya kai shi gaban manzanni sa'ad da kowa ke tsoronsa, shi ne kuma ya bi shi har Tarsus ya kawo shi Antakiya. Mai karanta Ayyukan Manzanni da natsuwa zai lura cewa da farko sunan Barnaba ne a gaba, daga baya na Bulus ya sha gabansa, kuma ba mu ji ya yi gunaguni a kan haka ba.

Kada wani ya ɗauka ina wanke waɗanda suka rufe ƙofar. Zalunci suka yi, kuma haƙurin wanda aka zalunta ba ya mai da zalunci ya zama daidai.

A 2006 wani kwamiti na musamman ya zauna domin ya zaɓi tsofaffin gasar baƙaƙen fata da za a shigar Zauren Fitattun Besbol a Cooperstown. Aka zaɓi mutum 17, dukansu sun riga sun rasu, aka bar O'Neil da ke raye yana da shekara 94, shi da ya ƙare tsufansa yana yawo yana ba da labarinsu, ya kuma taimaka aka kafa musu gidan tarihi a Kansas City. Mutane suka fusata dominsa. Shi kuwa a watan Yuli ya tafi Cooperstown ya yi jawabi a madadin waɗanda aka zaɓa. Ya gaya wa taron cewa yana ƙin ciwon daji, wanda ya ɗauke matarsa, amma bai iya ƙin ɗan Adam ba. Sa'an nan ya sa dubban mutane suka riƙe hannun juna suka yi waƙa tare.

Ya rasu a watan Oktoba na wannan shekara. Sai a 2022 aka shigar da sunansa zauren. Lou Brock ya riga shi shiga da shekara 37, Ernie Banks kuwa da shekara 45.