RANAR DA MOTAR KAWU TA TAFASA A KASUWAR SINGA

Duk wadda ta taɓa aurar da ƙanwa ko 'ya a Kano ta san ba a haɗa gara sai an taka Kasuwar Singa. Nan ne gidan sukari da fulawa, shinkafa, taliya, man girki, madara da sabulu, kuma cinikin nan ba na mudu ba ne, na buhu ne da katan da jarka. Manya sun ce sunan ya samo asali daga kantin keken ɗinkin nan Singer da ya taɓa zama a wurin. Tana nan a titin Ado Bayero cikin ƙaramar hukumar Fagge, ba nisa da Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. Har daga Nijar da Chadi da Kamaru ake zuwa sari, shi ya sa za ki ji ana lissafi da Naira, can gefe wani yana juya shi zuwa Saifa.

Ran wata Alhamis ce cikin watan Afrilu, saura kwana biyu a kai garar ƙanwata. Umma ta damƙa min kuɗin adashenta na shekara guda cur, Kawu kuma ya ara mana tsohuwar motarsa 'yar Kwatano. Da zai miƙa wa Yayana makulli sai da ya ce, "Ka bi ta a hankali, da ita nake neman na cefane."

Muka gama ciniki wajen ƙarfe ɗaya. Shinkafa buhu biyu, fulawa ɗaya, sukari ɗaya, kowanne kilo 50, ga jarkar mai biyu masu lita 25, ga katan-katan na taliya. 'Yan dako suka loda, har bayan motar ya durƙusa kamar raƙumi. Shiga Singa da sauƙi, fita ce aiki. Wata tirela ta tare rabin titi ana sauke kaya, masu baro suna ta "hanya, hanya!", 'yan A Daidaita Sahu kuwa, waɗanda suka mamaye gari tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, kowa ya cusa hancinsa inda ya ga dama. Ga rana ta bazara kamar ta dafa mutum da ransa.

Ni na fara lura da allurar nan ta zafin inji tana hawa. Na ce, "Yaya, dubi abin can ya kusa taɓa ja."

Ya harare ni ya ce, "Ke dai rubutun littafi kika sani. Bari mu fita daga cunkoson nan kawai."

Ai kuwa bai rufe baki ba sai ga tururi fuuu daga bonet, motar ta yi wata shessheƙa ta mutu a tsakiyar titi. Gabana ya faɗi ras! Kafin kiftawar ido mutane sun yanyame mu, aka tura ta gefe aka ɗaga bonet. Wasu bayin Allah suka sayo ruwan leda suka dinga fasawa a kan injin wai ya huce. Yaya ya murza makulli sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, ta ce ba ta san zancen ba. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce injin ya buga, sai dai a sayi wani. Inna lillahi! Na tuna fuskar Kawu, na tuna adashen Umma, hawaye suka cika min ido.

Wani yaro ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, sai muka ji tsawa daga bayanmu: "Kai! Cire hannunka!" Wani dattijo ne da riga duk baƙin mai, ashe bakanike ne ya zo sayen madarar jikarsa. Ya ce ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa kan wuce digiri 100, da an buɗe zai yi feshi ya saɓule wa mutum fatar fuska. Ya kuma ce kwara ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya ɗau zafi yana iya tsaga shi. Sannan ya dubi Yaya ya ce, "Samari, je ka yi azahar. Motar da ta tafasa maganinta na farko haƙuri."

Bayan rabin awa ya ce a murza makulli, ya kasa kunne kamar likita. Na ce, "Baba, me kake saurare?"

Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, kuka uku ne. In kin ji ƙas-ƙas kawai, batir ne ko kik, ko kuma Allah Ya kiyaye injin ya cije. In ya juya da sauri sakayau babu nauyi, to gaskit ya ƙone. In kuwa ya juya daidai amma ya ƙi kamawa, a nemi wuta ko fetur. Taku ta ukun ce."

Duk da haka bai yarda da kunnensa kaɗai ba. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya nuna min, ya ce in da ruwa ya shiga ciki da na gan shi kamar shayin da aka zuba wa madara. Namu baƙi ne wuluk. Ya sa tsumma ya buɗe lagireto a hankali ya cika shi, ya lalubi tiyo ɗaya bayan ɗaya, babu mai yoyo. Da ya zare wayoyin filogi ya buɗe murfin distiributa, sai ga su sharkaf. Ruwan ledar masu taimako ne ya kashe wutar! Ya goge, ya shanya su a rana, ya mayar. Murzawa ɗaya ta tashi. Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba.

Yaya zai ja mota, Baba ya ce, "Dakata, ƙin tashin muka gano, saura tafasar." Ya bar ta tana aiki, ya leƙa bakin lagireto bai ga kumfa tana tasowa ba, ya rufe. Allura ta wuce tsakiya, amma fanka ko motsi. Ashe fiyus ɗinta ne ya ƙone, ɗan abin da bai kai ƙwayar dabino ba. Ya ce a buɗaɗɗen titi iska ce ke sanyaya ruwan, amma a cunkoso irin na Singa fanka kaɗai ce gatan inji. Ya aika aka sayo wani ya sa, fanka ta ɗauka. Ya ce lallai a kai wa mai wayarin ya duba, don fiyus ba ya ƙonewa haka kawai. "Da kun ƙara takura mata, da yanzu kuna Ƙofar Ruwa kuna cinikin inji."

Yaya ya miƙa masa kuɗi, ya ɗauki kaɗan ya mayar da saura, ya ce a sa masa albarka a wajen biki. Da la'asar muka isa gida, Yaya ya durƙusa ya faɗa wa Kawu gaskiyar komai, har da maganar da na yi masa ya ƙi ji. Kawu ya ce, "To ka ji, gobe in ƙanwarka ta ga ja, ka tsaya."

Ran Asabar aka kai gara da alkaki da dubulan. Da zan yi wa amarya sallama na raɗa mata cewa zaman aure ma yana da allurarsa, in ta ga tana hawa ta dakata ta bari a huce, kada kuma ta bar 'yan kallo su zuba mata ruwa a inji. Allah Ya saka wa Baba da alheri, Ya ba su zaman lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.