Kalma ɗaya a Turanci, uku a Peruja

A ƙarshen shekarun 1980, duk ɗalibin da ya fito daga ƙasa rainon Ingila ya sauka Peruja don koyon Italiyanci, da ɗan ƙamus na Turanci da Italiyanci yake yawo a aljihu. Babu wayar hannu, balle intanet. In kewar gida ta dame ka, sai ka tara gettoni, kwabban tarho na lira 200, ka bi layi. Ajinmu yana Palazzo Gallenga, daura da Ƙofar Etruska wadda ta haura shekara dubu biyu a tsaye, a jami'ar da aka kafa a 1925 musamman don baƙi irinmu.

Shafin da ya fi yin baƙi da yatsa a ƙamusina shi ne na kalmar "time". Mun taso da ita tun firamare muna ganin abu ɗaya ce, ashe buhu ce da aka zuba wa gero da dawa da wake, Italiyanci kuwa sai ya ware kowanne da mazubinsa. In tsawon lokaci kake nufi, tempo za ka ce. In agogo kake tambaya, ora. In kuma ƙidayar maimaici ce, volta. Ƙamus ya jera su da lambobi, amma jeri ba ya shigar da magana cikin kunne.

Malamarmu ce ta shigar da ita, ba tare da ta sani ba. Mace ce mai haƙuri, ga murya. Duk jimlar da muka karanta sai ta tafa hannu ta ce, "Ancora una volta, ragazzi!" Ranar nan ina bin ta sai na ji abin ya zauna mini: ai volta "sau" ce. Una volta sau ɗaya, due volte sau biyu. Ora kuwa ita ce "ƙarfe nawa" tamu, ga ma ƙararrawar majami'un garin tana buga ƙarfen a kan kunnenmu. Tempo lokaci. Rabon da Italiyanci ya yi, Hausa ta riga ta yi shi tun a bakin kakata. Daga ranar na daina biyowa ta Landan in zan je Roma, kuma har yau ina ganin ɗan Hausa ya fi saurin kama wannan babin in ya dogara da harshensa.

Sai dai tempo tana da nata kayan da Turanci bai ɗora wa kalmarsa ba. Uwar gidan da nake haya, dattijuwa ce, kullum da safe takan buɗe taga ta leƙa ta ce, "Che brutto tempo, figlio mio." Ba lokaci take kuka da shi ba, yanayin gari ne, iskar tramontana mai ratsa ƙashi da ke kaɗowa kan tudun Peruja. Sai ta tilasta mini ɗaura mayafin wuya kafin in fita. In ta zauna hira kuma, "ai miei tempi" ce mabuɗin zance, wato "a zamaninmu", daga nan sai labarin yaƙi da ƙarancin burodi. Allah ya sani ina kewar muryar nan.

Volta na fi so. Asalinta juyawa ne, shi ya sa rufin da aka lanƙwasa shi ma sunansa ke nan. Kusa da maɓuɓɓugar ruwa ta Fontana Maggiore akwai wani lungu da ake kira Via Maestà delle Volte, duk bakuna ne a samansa. Nakan bi ta nan da gangan ko ba hanyata ba ce, don yana tuna mini da bakunan Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Da kalmar nan kuma iyaye ke buɗe wa yara tatsuniya, c'era una volta, inda mu za mu ce ga ta nan ga ta nanku.

Ma'anar tempo ta ƙarshe a gidan shan kofi na koye ta, ran 8 ga Yuni 1990, da Kamaru ta kara da Ajantina a Milan a wasan buɗe gasar cin kofin duniya. Primo tempo, rabin farko, aka tashi babu ci. A secondo tempo, rabi na biyu, Omam-Biyik na Kamaru ya tashi sama ya sa ƙwallo da ka. Kafin a tashi an kori 'yan Kamaru biyu, saura tara a fili, ga Maradona yana neman ramawa. Wani dattijo da ban taɓa gani ba ya riƙe mini hannu gam, yana duban agogonsa yana yi wa alƙalin wasa ihu ya busa. Da aka busa, mai shagon ya ƙi karɓar kuɗin kofin duk wani ɗan Afirka da ke wurin.