Kafin a ce maka "sai dai a yi fomatin"

1/ Duk ɗalibin da ke da laftof a Birnin Kudu ko Gwaram, don Allah ya ajiye filashi ɗaya da kwamfuta za ta iya tashi da shi, wanda masu gyara ke ce wa butabul. Zaren zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Yawancinmu 'yar gwanjo muke riƙe, HP ko Dell da ta sha duniya kafin ta iso hannunmu. Ranar da Windows ta ƙi tashi, ka kai wa mai gyara, magana ɗaya ce: sai dai a yi fomatin. Ba mugunta ba ce, shi ya fi masa sauri. Amma fomatin ɗin nan da furojet ɗinka yake tafiya.

3/ Alhali Windows ta lalace ba ya nufin fayilolinka sun tafi. Mukullin ɗaki ne ya karye, kaya suna ciki. Filashi mai Linux Mint yana tayar da kwamfutar daga kansa, ba tare da ya goge komai a had-dis ba. Ka shiga, ka kwashe kayanka, sannan a yi maganar sabuwar Windows.

4/ Hutun da ya wuce a Gwaram, 'yar kawuna da ke ajin ƙarshe ta zo ido ya yi ja. "Yaya, an ce sai na kai ta Dutse ko Kano, kuma wai komai zai goge." Babi uku ta rubuta, ba ta da kwafi ko'ina, ko a imel. Na soka filashi, na danna F9, Mint ta buɗe. Ga foldarta nan zaune lafiya lau. Sai da muka kwafe ta wuri biyu kafin na taɓa Windows.

5/ Yadda ake haɗawa: filashi aƙalla 8GB, fayil ɗin ISO, da manhajar Rufus, kyauta ce. Tura ISO cikin filashi kamar waƙa ba ya aiki fa, sai Rufus ta rubuta shi. Kuma tana goge duk abin da ke filashin, ka kwashe naka tukuna.

6/ Rufus za ta tambaye ka GPT ko MBR. Kwamfuta mai UEFI, GPT. Tsohuwa tukuf mai BIOS na da, MBR. In ka haɗa kwamfutar ta ƙi ganin filashin, fara duba nan. Maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo.

7/ Ni dai na fi son Ventoy, wadda ta fito a 2020. Sau ɗaya za ka girka ta a filashi, daga nan sai ka riƙa zuba ISO kawai. Nawa 32GB ne, Windows da Mint duk suna ciki.

8/ Hattara da filashin bogi. An rubuta 64GB a jiki, cikinsa bai kai ba, sai aiki ya yi nisa ya tsaya. H2testw tana tona asirinsu. Arha dai ba ta ado.

9/ Sai maganar data, wadda ita ce ainihin ciwon. ISO na Windows 11 ya haura 5GB, na Mint kusan 3GB. A netwok ɗin ƙauye, ga wuta na ɗaukewa, wannan aikin kwana ne. Mutum ɗaya ya sauke a makaranta, sauran su kwafa. Amma daga shafin Microsoft ko na Mint, ban da waɗanda ake yawo da su a Telegram wai an riga an buɗe su. Ba ka san me aka cusa ciki ba, kuma a kwamfutar nan kake shiga asusunka na banki.

10/ Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da Intel zubi na 8 zuwa sama, abin da da yawa cikin namu ba su da shi. Rufus tana iya tsallake wannan shingen, sai dai Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da turo sabuntawa ba. In RAM ɗinka 4GB ne kuma rubutu da burauzin kawai kake yi, wallahi Mint ta ishe ka. In sashenku na buƙatar AutoCAD, zauna a Windows.

11/ Wuri biyu filashin ba zai cece ka ba. In an kulle had-dis da BitLocker, sai da lambar buɗewa, duba asusunka na Microsoft. In kuma kana jin had-dis ɗin yana ƙas-ƙas, kashe ta nan take, kar ka yi ta kunnawa kana gwadawa. Wannan sai a kai wa gwani.